Tambayoyinku: Na ƙara wa manhajar zane sabuwar kibiya, sun mayar mini da aikina

Wasiƙun da suka zo wannan watan sun fi karkata ga manhajojin zanen tsari, wato waɗanda ake zana akwatuna da kibau da su domin nuna matakan aiki, ko yadda kwamfutoci suke haɗe da juna, ko yadda sassan wata manhaja suke magana da junansu. Na zaɓi 4. Ta farko ta cinye fiye da rabin filin, domin ciwon da ke cikinta na taɓa jin irinsa a jikina.

Tambaya ta farko

Malam, ni ɗalibi ne, ina shekara ta 3 a fannin kimiyyar kwamfuta. Ina amfani da wata buɗaɗɗiyar manhajar zane, wato wadda kowa zai iya karanta kod ɗinta, sai na ga layukanta na haɗi miƙaƙƙu ne kawai. Na kwashe mako 3 na rubuta sabon kayan aiki mai zana lanƙwasasshiyar kibiya, kuma tana fitowa tas a kwamfutata. Da na tura musu facin, wato kod ɗin da na ƙara, mai kula da manhajar ya mayar mini da shi da gyare-gyare 11. Ya ce Ctrl+Z, umarnin janye abin da aka yi na ƙarshe, ba ya janye ta daidai, ya ce tana barin datti a allo idan an ja ta, ya ce ba ta fitowa a PDF, har da tambayata abin da zai faru da tsofaffin fayiloli. Bai ce uffan ba kan kyan zanen. Ko dai ba sa son baƙo ne?

Wani ɗalibi

Amsa

Ƙanena, wanda ba ya son baƙo ba ya zama ya karanta kod ɗinsa layi bayan layi har ya tsamo gyara 11. Shiru yake yi masa, facin ya shekara yana jira. Mutumin nan ya ba ka yammacinsa guda kyauta, wataƙila ma bayan ya taso daga aikin da yake ci da shi. Ka fara da yi masa godiya, sannan mu zauna mu duba jerin nasa.

A manhajar fenti, da ka ja layi shi ke nan, ya zama ɗigo-ɗigon launi, manhajar ta manta da shi. A manhajar zanen tsari kuwa, ranar da aka zana kibiyarka ranar rayuwarta ta fara. Wani zai ja ta, wani zai kwafe ta sau 20, wani zai goge akwatin da take jone da shi sannan ya canja shawara, wani zai adana fayil ɗin ya buɗe shi bayan shekara 5 da wata sigar manhajar. Ka leƙa kod ɗin Dia, wata buɗaɗɗiyar manhajar zanen tsari, wadda Alexander Larsson ya fara a 1998 da harshen C. Kowane abu da ake zanawa a cikinta dole ya cike wani jadawali na ayyuka: yadda zai zana kansa, yadda zai faɗi nisansa daga inda linzami yake, yadda za a kwafe shi, yadda zai matsa gaba ɗaya, yadda zai sauya idan an ja ɗaya daga cikin mariƙansa, wato ƙananan ɗigon da ake kamawa da linzami a sauya siffarsa, yadda zai ba da siffofinsa a gyara. Zanawa layi ɗaya ce tak a wannan jadawalin. Kai ka cike wannan layin ka yi kyau, saura kuma suna nan a buɗe.

Bari mu fara da lanƙwasar kanta, domin matsaloli 3 daga cikin nasa can suke da tushe. Da yawa daga cikin manhajojin nan suna amfani da lanƙwasar Bézier mai ɗigo 4. Sunan na Pierre Bézier ne, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yaɗa ta a shekarun 1960 wajen tsara jikin mota, kodayake Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya riga shi gano dabarar lissafinta a 1959. Layin yana tashi daga ɗigo na farko ya sauka a na huɗu. Na biyu da na uku ba ya bi ta kansu, janyo shi kawai suke yi wajensu kamar maganaɗisu. Dabarar de Casteljau tana da sauƙin da za ka iya yin ta da fensir: ka haɗa ɗigon 4 da layuka 3, ka ɗauki tsakiyar kowane layi, ka sami ɗigo 3. Ka sake yin haka, ka sami 2. Ka sake, ka sami 1. Wannan na ƙarshen yana kan lanƙwasar daidai, kuma ya raba ta gida biyu, kowane gida shi ma lanƙwasar Bézier ce mai ɗigonta 4. Ka riƙe wannan da kyau, za ka yi ta komawa gare ta.

Wuri na farko da za ka buƙace ta shi ne zaɓe. Idan mutum ya danna linzami kusa da kibiyarka, manhajar za ta tambaye ta nisanta daga wurin. Ga miƙaƙƙen layi wannan lissafin sakandare ne. Ga lanƙwasa mai ɗigo 4 kuwa, amsar tana kai ka ga lissafi mai daraja ta 5, wanda ba shi da wata ƙa'ida guda da za ka zuba lambobi ta ba ka amsa. Shi ya sa ake yanka lanƙwasar gunduwa-gunduwa da dabarar da na faɗa, har kowace gunduwa ta kusa zama miƙaƙƙiya, sai a auna nisa zuwa kowace a ɗauki mafi ƙanƙanta. Akwai tarko a nan. Sassaucin da za ka ba mai dannawa, ka auna shi da ɗigon allo, kada ka auna shi da ma'aunin takarda. Dia, alal misali, da santimita take lissafin abin da ke cikin zane. Idan ka ce duk wanda ya danna cikin rabin santimita ya kama layin, to wanda ya nisanta zanen don ya ga shafin gaba ɗaya zai yi ta dannawa layin yana kuɓuce masa, wanda ya zuƙo shi sosai kuma zai kama layin alhali yana can nesa da shi.

Dattin da ya ce kibiyar tana bari a allo, daga akwatin iyaka yake. Manhajar tana tambayar kowane abu iyakar filin da ya mamaye, domin idan ya matsa ta san wurin da za ta share ta sake zanawa, kuma idan za a fitar da hoto ta san inda za ta yanke. Ina kyautata zaton ka ɗauki ɗigon farko da na ƙarshe ka yi akwati da su, kamar yadda ake yi wa miƙaƙƙen layi. Lanƙwasa tana da ciki, kuma cikin yana fita waje da wannan akwatin. Abin da zai taimake ka shi ne lanƙwasar Bézier ba ta taɓa fita daga filin da ɗigonta 4 suka kewaye, don haka akwatin da ya ƙunshi dukkansu ba zai taɓa gazawa ba, sai dai ya yi yawa. Ka fara da shi. Sannan ka ƙara rabin kaurin layin ta kowane gefe, ka ƙara girman kan kibiyar. Mutane da yawa suna manta wannan na ƙarshen, sai ka ga an fitar da hoto tsinin kibiya ya guntule a bakin shafi.

Kan kibiyar nan shi ya kayar da ni a facina na farko, shekarun baya, a wata manhajar da nake taimaka wa. Inda kan zai fuskanta ana samunsa ne daga layin da ya tashi daga ɗigo na uku zuwa na huɗu, a raba shi da tsawonsa. Na gwada ta kowace fuska, komai lafiya. Aka karɓa, aka saki sabuwar siga. Bayan kwana kaɗan wata mata ta aiko da fayil ɗin aikinta, ta ce da ta buɗe shi sai shafin ya koma fari fat. Abin da ya faru: ta ja ɗigo na uku ta ɗora shi daidai kan na huɗu, domin mannewa da raga, wato saitin da ke janyo ɗigo ya zauna kan layukan ragar shafi, tana kunne. Tsawon ya zama sifili, kod ɗina ya raba lamba da sifili, abin da ya fito ba lamba ba ne, ya shiga akwatin iyaka ya lalata shi, daga nan ya lalata na shafin duka, kuma aka adana shi haka a fayil. Na kwana ina gyara mata fayil ɗin da hannu. Aikin mako 2 ne a cikinsa, kuma har yau idan na tuna nakan ji nauyin abin. Maganin layi 3 ne kacal: idan ɗigo na uku ya hau kan na huɗu, ka koma na biyu, idan shi ma ya hau, ka koma na farko, idan duka a wuri ɗaya suke, kada ka zana kan kibiyar. Tun daga ranar, duk abin da na rubuta sai na gwada shi da tsawon sifili kafin komai.

Wani ƙaramin abu kuma game da kan: ka datse layin kaɗan kafin ya kai tsini. In ba haka ba, idan aka ƙara masa kauri zai leƙo ta gaban tsinin, kibiyar ta yi kama da mai dakusasshen baki.

Yanzu Ctrl+Z. Yawancin manhajojin nan suna ajiye kowane canji a matsayin ɗan ƙunshi mai sanin abu biyu, yadda ake aiwatar da shi da yadda ake warware shi. Idan kod ɗinka ya taɓa siffar kibiya kai tsaye ba tare da ya bi ta wannan ƙunshin ba, tarihin ya sami giɓi, kuma abin da ya fi muni shi ne giɓin ba ya bayyana nan take. Sai mutum ya janye mataki 6 baya ya ga kibiya tana shawagi ita kaɗai, ba ta jone da komai. Ga gwaje-gwajen da nake yi, ka yi su da hannunka. Ka ja mariƙi daga wannan gefen allo zuwa wancan, ka danna Ctrl+Z sau ɗaya. Dole ya koma inda ya taso gaba ɗaya, domin ja ɗaya yakan haifar da ɗaruruwan saƙonnin motsi daga linzami, kuma aikinka ne ka dunƙule su su zama mataki guda. Sannan ka jona kibiyar da akwati, ka goge akwatin, ka janye gogewar, ka ja akwatin. Idan kibiyar ba ta bi shi ba, ka dawo da hoto ne kawai, ba ka dawo da haɗin ba. Daga ƙarshe ka janye komai har farko, ka maimaita komai har ƙarshe, ka adana, ka kwatanta da fayil ɗin da ka adana kafin ka fara janyewar. Harafi ɗaya bai kamata ya bambanta ba.

Batun PDF mai sauƙi ne. Manhajar tana da wani shimfiɗaɗɗen tsari na umarnin zane, irin su ja layi, ja lanƙwasa, cike fili, rubuta kalma, kuma allo da fayilolin SVG da PDF da firinta kowannensu yana fassara waɗannan umarnin ta hanyarsa. Kai ka tsallake tsarin ka yi magana da allo kai tsaye, shi ya sa allo kaɗai ya ji ka. Ka mayar da zanenka ya bi ta umarnin gama-gari, sauran za su zo da kansu.

Tambayarsa kan tsofaffin fayiloli ita ce mafi nauyi a jerin, kuma da ni ne da ita zan fara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kod ana iya sake shi gobe. Sunan da ka ba wata siffa a cikin fayil kuwa, da zarar mutum 1,000 sun adana zanensu da shi, ya zauna ke nan, manhajar za ta yi ta ɗaukarsa har bayan kai ka bar aikin. Ka amsa tambayoyi biyu a rubuce. Idan sabuwar siga ta buɗe tsohon fayil da ba shi da siffar lanƙwasa, me za ta ɗauka? Amsar ita ce miƙaƙƙen layi, daidai yadda mai shi ya bar shi. Idan tsohuwar siga ta buɗe sabon fayil fa? Abin da ya fi kyau ta tsallake abin da ba ta gane ba ta nuna miƙaƙƙiyar kibiya, maimakon ta ƙi buɗewa. Wannan yana nufin ƙara sabuwar siffa ga kibiyar da ake da ita ya fi ƙirƙiro sabon nau'in abu aminci. Ka kuma kula da yadda kake rubuta lambobi masu ɗigo. A kwamfutar da aka saita da Jamusanci ko Faransanci, waƙafi ake sa wa a inda wasu suke sa ɗigo, sai 2.5 ta fito 2,5. Idan ka yi amfani da aikin rubutu na yau da kullum a harshen C, fayil ɗin da aka adana a can zai karye a wani wurin. Rumbun GLib yana da ayyuka na musamman da ba sa kallon saitin harshe, saboda wannan matsalar aka yi su.

Shawarata kan yadda za ka koma: kada ka tura gyara 11 a dunƙule ɗaya. Ka rubuta masa gajeren bayani kan yadda kake son siffar ta zauna a fayil, ka jira ya amince, da ɗan gari akan ci gari. Sannan ka raba aikin faci-faci ƙanana, kowanne da fayil ɗin gwaji. Ka tuna hannuwan da ke riƙe da irin waɗannan manhajojin kaɗan ne ƙwarai. Dia ta saki siga 0.97.3 a 2014, kuma mutane sun yi shekaru suna aiki da ita a haka. Duk layin kod da mai kula ya karɓa daga gare ka, ya ɗauki alkawarin gyara shi ranar da kai ka gama makaranta ka kama wani aikin. Abin da yake auna ke nan lokacin da yake karanta facinka. Kuma kafin ka sake zuba mako 3 a kowace manhaja, ka karanta ƙa'idarsu ta karɓar gudummawa. Masu manhajar zanen tsari ta draw.io, alal misali, sun rubuta a fili cewa kod ɗinsu a buɗe yake ga mai karantawa amma ba sa karɓar faci daga waje.

Tambaya ta biyu

Malam, ina koyar da kimiyyar lantarki, ban iya rubuta manhaja ba. Alamomin da nake buƙata don zanen da'irar lantarki wasu babu su a manhajar da nake amfani da ita, kullum sai na harhaɗa su da layuka, kuma idan na ja su sai su wargaje. Dole sai na nemi mai rubuta kod?

Wata malama

Amsa

Malama, ba kya buƙatar kowa, kuma na yi murna da wannan tambayar domin nan ne ƙofar da aka fi mantawa da ita. Sabuwar alama daban take da sabon kayan aiki. Alama bayani ne kawai: ga layukana, ga inda waya za ta jonu da ni, ga inda rubutu zai zauna.

A Dia, kowace irin wannan alamar ɗan fayil ne na XML mai ƙarewa da .shape. A cikinsa akwai suna, da ɗan hoton da zai fito a akwatin kayan aiki, da jerin wuraren jonawa, sai zanen kansa da aka rubuta da wani yanki na SVG, wato tsarin zanen da ƙungiyar W3C ta tabbatar a 2001. Ba sai kin rubuta shi daga farko ba. Ki zana alamar a cikin Dia, ki fitar da ita a matsayin .shape, manhajar za ta rubuta miki fayil ɗin. Wani fayil ɗin mai ƙarewa da .sheet shi ke tara alamomi su zama rukuni guda. A draw.io kuma kina iya buɗe sabon rumbun alamomi ki ja abin da kika zana ki jefa ciki, ki adana rumbun ki raba wa ɗalibanki.

Inda nake so ki ba lokaci shi ne wuraren jonawa. Abin da manhaja ta zaɓa miki da kanta yakan yi yawa, ta sa ɗigo a kowace kusurwa da tsakiyar kowane layi. Alamar batir ƙafa 2 gare ta, to wurin jonawa 2 take buƙata, ki goge sauran. In kin bar su, ɗalibi zai jona waya a gefen batir, zanen ya yi kama da daidai alhali a ilimin lantarki ba shi da ma'ana. Ki kuma sa ƙafafun su faɗa daidai kan layukan raga, kuma tazarar ta zama iri ɗaya a duk alamominki. Idan ƙafar wata ta kauce da ɗan ƙanƙanin abu, wayar da ta haɗa ta da maƙwabciyarta za ta yi ɗan karkace da ido ba ya iya daina gani.

Abu biyu kuma. Wurin launi, Dia tana karɓar kalmomin foreground da background a madadin baƙi da fari, kuma da su ne mai amfani zai iya canja launin alamar daga baya. Sannan ki kulle daidaiton tsawo da faɗi ga alamomin da ke da da'ira, don kada fitila ta koma ƙwai idan an ja ta gefe ɗaya.

Idan rukunin ya kammala, ki tura wa masu manhajar. Ke kin san alamar da ta dace da ƙa'idar fanninki, mai rubuta kod sau da yawa bai sani ba, kwaikwayon hoto kawai yake yi. Rukunin alamomi da malamar fanni ta tantance ya fi sabon maɓalli amfani ga mutane da yawa.

Tambaya ta uku

Me ya sa layukan haɗi suke ratsawa ta tsakiyar akwatuna? Ina ganin ai abu ne mai sauƙi a ce wa layi ya kewaye. Ina so in gwada rubuta wannan.

Wani mai rubuta manhaja

Amsa

Ɗan'uwa, kewaye akwati ɗaya mai sauƙi ne. Wahalar tana zuwa idan akwatuna 200 ne da layuka 300, kuma mutum yana jan ɗaya daga ciki yana so ya ga komai yana gyaruwa a ƙarƙashin hannunsa ba tare da allo ya daskare ba.

An yi aiki mai kyau a kan wannan a Jami'ar Monash da ke Ostareliya. Michael Wybrow, tare da Kim Marriott da Peter Stuckey, sun fitar da dabarun da suka zama rumbun libavoid, kuma da shi kayan haɗi na manhajar zane ta Inkscape yake aiki. Ga layuka masu tafiya a tsaye da a kwance kawai, aikin hawa 3 ne. Da farko a shimfiɗa hanyoyin da layi zai iya bi, ta hanyar miƙa layuka a tsaye da a kwance daga kusurwoyin akwatuna da wuraren jonawa har su ci karo da wani abu. Sai a nemi hanya mafi arha a cikinsu da dabarar A*, wadda Hart da Nilsson da Raphael suka wallafa a 1968. Arha a nan ba gajarta kaɗai ba ce, kowace kwana tana da tara, domin ido ya fi bin layi mai ɗan tsawo da kwana 2 fiye da gajere mai kwana 6. Hawa na ƙarshe shi ne raba layukan da suka hau kan juna a lungu ɗaya, a jera su gefe da gefe ta yadda ba za su yi ta giciye juna ba dalili ba.

Akwai abin da takardun lissafi ba sa cika nanatawa, amma masu amfani suna jinsa nan take. Idan hanyoyi biyu kuɗinsu ya kusa zama ɗaya, ƙaramin motsi zai sa layin ya yi tsalle daga saman akwati zuwa ƙasansa, ya dawo, ya sake komawa. Mutum yana ganin haka zai kashe kewayen gaba ɗaya. Ka ba hanyar da layin yake kai ɗan rangwame, kada ya bar ta sai sabuwar ta fi ta da tazara mai kauri. Kuma duk kwanar da mutum ya sa da hannunsa, kada lissafinka ya taɓa ta.

Kada ka haɗa wannan da aikin manhajar Graphviz, wadda ta fito daga ɗakunan binciken kamfanin AT&T. Ita tana zaɓar wa akwatunan ma wurin zama, tana jera su hawa-hawa bisa tsarin da Sugiyama da abokan aikinsa suka bayyana a 1981. A manhajar da mutum yake jera akwatunansa da kansa, wurin zamansu nasa ne, layuka kawai aka ba ka. Idan don koyo kake so, ka rubuta naka da akwatuna 10, za ka ƙaru sosai. Idan don a saka a manhajar da mutane ke aiki da ita ne, ka fara duba ko libavoid za ta shiga.

Tambaya ta huɗu

Na ga kayan zane da hannu a wata buɗaɗɗiyar manhaja, yana gyara karkataccen layi ya yi sumul. Zan iya kwafe kod ɗin in sa a wata?

Wata ɗaliba

Amsa

Ƙanwata, ya danganta da lasisin kowacce, kuma hanyar ba ta tafiya ta ɓangare biyu. Kod mai lasisin MIT, kamar na manhajar zane ta Excalidraw, kina iya sa shi cikin manhaja mai lasisin GPL muddin kin bar sanarwar masu shi a jiki. Kod mai GPL kuwa, kamar na Inkscape ko Dia, ba ya shiga manhajar MIT ta ci gaba da zama MIT. Lasisin Apache 2.0 yana jituwa da GPL siga ta 3 ta 2007, amma ba ya jituwa da kod ɗin da aka kulle a siga ta 2 kaɗai. Ki buɗe fayil ɗin lasisi a duka biyun ki karanta kafin ki kwafi ko layi ɗaya.

Amma ga wannan aikin ba kya buƙatar kwafa, domin dabarun a wallafe suke kuma gajeru ne. Linzami ko alƙalamin allo yana ba ki ɗaruruwan ɗigo. Ki rage su da dabarar da Ramer ya fitar a 1972, Douglas da Peucker kuma a 1973: ki ja layi daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, ki nemo ɗigon da ya fi nisa da layin. Idan nisansa bai kai iyakar da kika sa ba, ki zubar da duk na tsakiya. Idan ya wuce, ki riƙe shi, ki raba aikin gida biyu a kansa, ki maimaita a kowane gida. Idan kuma sumul kike so, ki ɗora lanƙwasar Bézier a kan ɗigon da dabarar da Philip Schneider ya wallafa a 1990, wadda fensirin Inkscape ya ginu a kanta. Iyakar nan ki ɗaure ta da yawan zuƙowa, don wanda ya zuƙo sosai ƙananan bayanai yake son zanawa. Idan kin gama, ki gwada danna alƙalamin sau ɗaya ba tare da kin ja shi ba, ki ga abin da kod ɗinki zai yi da layi mai ɗigo ɗaya tak.